Dishina da Wayar Malam Haruna

Isa, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Mainasara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar ga ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Maryam, a duk inda ka buɗe ta, ko daren yau, ko cikin mota, ko bayan kun sauka Sakkwato. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya sa ku shiga garin da ƙafar dama.

Ba labarin gida za ni ba ka ba, tunda kana cikinsa har yau. Shekaranjiya muna cin tuwo a zaure ka yi mini wata tambaya. Ka ce gidan da za ku kama haya a Sakkwato, mai gidan ya ce wayar kebul ta ratsa unguwar, in kana so a ja maka ita har ɗaki. Wani abokin aikinka kuma ya ce kada ka yarda, ka sayi dishinka ka kafa ka huta. Ka ce, "Baba, wanne ka gani?" Na ce maka sai na yi tunani, ka yi dariya don ka ɗauka ƙaramar magana ce.

Ba tunani nake nema ba. Amsar tana wurina shekara da shekaru, kunya ce ta hana ni faɗinta gaban mutane. Amma na ji daɗin tambayar ƙwarai. Kai ka yi karatun da ban yi ba, kai za ka saya da guminka, duk da haka ka tsaya ka tambayi tsohon manomi. Ni a lokacina na yanke wagga shawara ban tambayi kowa ba. Lokacin kana makarantar kwana, hutu kawai kake zuwa, shi ya sa ƙarshen abin ka gani, ba ka ga yadda aka yi aka kai can ba. Yau za ni faɗa maka.

Ka san Malam Haruna Mai Waya da furfura da sanda. A lokacin siririn mutum ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya taɓa zama Maraɗi, can ya koyo aikin lantarki, shi ya sa har yau tele yake ce wa talabijin. Da ya dawo sai ya kafa manyan dishi uku a tsakar gidansa, kowanne ya kai faɗin rumfa, ya jera akwatuna a ɗaki guda, ya jawo waya bisa turaku da katangu zuwa gidajen unguwarmu. Tasha takwas yake rabawa. Ta tara kuwa ba daga sama take zuwa ba. Baƙin allo ne ya jingina a bango, ya kafa mishi kyamara, yana rubuta sanarwar gari da alli, da boko da ajami. Bayan La'asar kuma ya zauna ya karanta da bakinsa saboda waɗanda ba su karatu: wane ya rasu, rijiyar unguwa kaza ta rufta, an tsinci akuya mai farin goshi, za a yi wa yara rigakafi ranar kaza.

Wata safiya ya iske ni ina gyaran garma a ƙofar gida. Muka gaisa, ya ce, "Malam Umaru, waya ta kai ƙofar Alhaji Sani maƙwabcinka. Taku goma ya rage. In ja maka?"

Na ce, "Tasha nawa?"

Ya ce, "Takwas. Ta tara allon gari ce."

"Wa ke zaɓen su?"

"Ni, amma ina jin ta bakin mutane."

Na ce, "To, ni ba za ni zauna gidana in kalli abin da wani ya zaɓar mini ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba laifi. Ranar da ka so, waya na nan."

Maganar da na yi mishi tana da kamar hujja, amma ba ita ce gaskiyar zuciyata ba. Tare muka yi makarantar allo da Haruna. Na girma ina ganin na fi shi gona, na fi shi shanu, na fi shi jama'a. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne a ce gidan Umaru na kallo ta hannun Haruna mai rediyo.

Shekarar nan ruwan farko ya sauka da wuri. Muka yi shuka, gero ya fito gwanin sha'awa, kowa na cewa bana sai godiya. Ina da shanun huɗa biyu, ja da fari. Ranar kasuwar Shinkafi na kora jan na sayar, na sayi dishi da dikoda da ƙaramin janareta, aka ɗauro su bisa mota har ƙofar gida, mutane na kallo. Kallon nan nasu shi nake so. Innarka ta leƙo daga cikin gida ta dubi kayan, ta dubi turke.

Ta ce, "Malam, ina jan sa?"

Na ce, "Na sayar."

Ta ce, "Ba a yi huɗa ba tukuna."

Na ce, "Za ni yi aro in lokaci ya yi."

Ta ce, "Allah ya sa alheri." Ta koma ta kawo mini ruwan sha. Daga ranar har yau ba ta sake tayar da maganar san nan ba, ko sau ɗaya, ko da abin da ya biyo baya ya ba ta gaskiya.

Wanga shi ne kuskurena na farko. Kafin ka zaɓi waya ko dishi, Mainasara, ka tambayi kanka don me kake son abin. In don a gani ne, ka dakata har zuciyar ta huce. Sannan ka tambayi Maryam. Kai za ka fita aiki tun safe, ita za ta wuni da akwatin nan a garin da ba ta san kowa ba. Ta fi ka sanin abin da take bukata ya shigo mata ɗaki. Na lura da yarinyar nan, tana da natsuwa, ba ta magana sai ta auna. Kada ka iso mata da kaya bisa mota kamar yadda na yi wa innarka. Ku zauna tukuna.

Kuskure na biyu ya biyo baya tun washegari. Mai shagon ya ce in tafi da yaronsa ya kafa mini, na ce ba sai an zo ba, ai ba wani aiki ba ne. Na hau bisa soro na ɗaure dishin da waya da duwatsu. Kwana uku ina sama cikin rana, ina juya shi gabas, ina juya shi kudu. Innarka na tsaye bakin ƙofar ɗaki, ido ɗaya kan talabijin, ido ɗaya kan tukunya. In na ɗaga murya na ce, "Yanzu fa?" sai ta ce, "Har yanzu shuɗi ne, Malam." Na ji kalmar nan ta fi sau ɗari. Masu wucewa suna yi mini sannu da aiki, ni kuwa na san abin da ke cikin sannun.

Rana ta huɗu, bayan Azahar, lokacin da zafi ya kore kowa daga hanya, sai na ji sallama. Malam Haruna ne da wata 'yar na'ura a aljihu. Ya ce, "Wucewa na zo yi, na ce bari in gaishe ka." Gidanmu ba kan hanyarsa yake ba, ni da shi duk mun san haka. Ya tuɓe takalmi ya hau. Ya dubi na'urarsa, ya matsa dishin abin da bai fi faɗin yatsa biyu ba, ya ɗaure. Sai muka ji innarka daga ƙasa tana cewa, "Ga mutane sun fito."

Da muka sauko ya ce, "Kayanka masu kyau ne, ka iya zaɓe. Abu ɗaya za ni roƙe ka. Ka sauko da shi daga soro. Ka kafa turken ƙarfe a ƙasa, ka zuba siminti, bayan rumbu inda katanga za ta kare shi. Iskar garin ga in ta tashi ba ta barin abin da ke sama." Na sa hannu aljihu, ya riƙe hannun ya girgiza kai. Kuma ka san wani abu? Har yau ban taɓa jin wanga labari a bakin kowa ba. Mutumin da na ƙi wayarsa a gaban ƙofata ya zaɓi lokacin da ba mai ganinsa ya zo ya fitar da ni kunya, ya tafi ya rufe bakinsa. Na yi ta neman irin wanga hali a cikin mutane, ban samu da yawa ba.

Shawarar turken ita kaɗai na bi a shekarar. Don haka ina ce maka, kowanne ka zaɓa, kafin ka tambayi tasha nawa, ka tambayi wa zai gyara in ya lalace, a ina yake zaune, kuma yana zuwa in an kira shi. Duk abin da aka haɗa da waya wata rana zai ɗauke. Ranar nan ba yawan tasha za ka nema ba, mutum za ka nema. Kuma in wanda ya san aiki ya ce zai kafa maka, ka bar shi ya kafa. Karatunka na aji daban, hawan soro daban.

Yanzu na zo kan babban, wanda shi ne ya hana ni amsa maka a zaure.

Ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya muka ce hutawa ce, mako biyu muka fara duban gabas. Hadari ya haɗu da yamma baƙi ƙirin, iska ta taso ta watse shi, gari ya waye sama fes. Ganyen gero ya naɗe kamar an murza shi, daga baya ya koma launin ƙasa. Gulbi ya zama rairayi, mata na tona shi da ƙwarya. Aka fita roƙon ruwa filin idi sau uku, manya da yara, har da dabbobi. Kullum in je gona da safe in tsaya in dubi abin da ya rage, in dawo.

In na dawo sai in tayar da janareta in rufe ƙofa. Tasha ta fi ɗari a hannuna. Na ga ruwa na zuba a ƙasashen da ban san sunansu ba, har yana cin gidaje. Na ga ana ƙwallo bisa ciyawa kore shar wadda da shanunmu za su same ta da sun yi wata suna ci. Na ga Ka'aba ana ɗawafi, wannan kam ya sanyaya mini rai. Ina gaya wa kaina labarin duniya nake bi. Gaskiya ɓuya nake yi. Ban son in zauna majalisa a yi maganar huɗa a tuna da jan sa.

Innarka kuwa bayan La'asar takan shiga gidan Alhaji Sani wurin matarsa Hajiya Kulu, su kalli allon Malam Haruna a 'yar talabijin ɗinsu mai aiki da batir. A kwanakin nan Haruna bai zauna ba. Yana bin malamin gona, yana tare direbobi a tasha, yana tambayar masu babura da ke shiga ƙauyuka, duk abin da ya tabbatar ya zo ya rubuta. Wata rana ta dawo ta tsaya bakin ƙofa har na rage murya.

Ta ce, "Malam, an rubuta a allo. Malamin gona ya ce in ruwa ya dawo ba zai daɗe ba, geronmu na gado ba zai kai ba. Wasu manoman Kamarawa na da iri mai saurin nuna, za su kawo shi kasuwar Bafarawa wannan makon. An ce ba shi da yawa."

Na ce, "Allon Haruna ne zai gaya mini abin da za ni shuka? Tun kakana muke shuka wanga iri."

Ta ce, "To." Ta fita.

Ranar kasuwa tun da asuba na ji babura na tashi ɗaya bayan ɗaya. Rabin unguwa ya tafi Bafarawa. Ni na zauna.

Bayan kamar kwana goma sha biyu ruwa ya dawo, ruwa na sosai, har ya kwanta a tsakar gida. Da safe gari ya cika da ƙanshin ƙasa, kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona da sabon iri. Na zauna a zaure ina jin takunsu. A rumbuna akwai iri, amma na san lissafin kwanaki kamar yadda kowane manomi ya sani: in na shuka shi yau, zai yi kara ya yi tsawo, ruwa ya ɗauke kafin ya fitar da kai. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta safiyar nan ba. Ina da baki tara da za ni ciyar, kai ma kana cikinsu in ka zo hutu.

Sai innarka ta shigo da ƙwarya rufe da faifai, ta ajiye gabana ta buɗe. Gero ne mai ƙananan tsaba, ba irin namu ba.

Na ce, "Wanga fa?"

Ta ce, "Irin da aka rubuta a allo ne. Tiya uku."

"Ina kika same shi?"

"Tunkiyata na ba yayana Garba ya tafi da ita Bafarawa."

Tunkiyar nan ita kaɗai ta rage mata cikin dabbobin da ta zo da su gidan ga. Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Na gaya maka sau ɗaya, na ga ba ranar jin magana ba ce. Sai na bari sai ranar shuka. Tashi, Malam, ƙasa na shan iska."

Na tashi. Muka shuka gonar bayan gari da shi. Da lokacin huɗa ya yi ba wanda ke da san aro, kowa na fama da nasa, wasu ma sun rame ba su iya jan garma. Na yi rabi da farin sa shi kaɗai, sauran na yi da hannu. Ciwon bayan da kake ji ina kuka da shi in sanyi ya shigo, can na samo shi. Ruwa ya ɗauke da wuri kamar yadda aka faɗa, amma geron ya riga ya nuna. Bai cika rumbu ba, sai dai ya kai mu har bazara ba mu rasa tuwon dare ba. Tuwon da ka ci a hutun shekarar nan, kana cewa ya fi na makaranta daɗi, tunkiyar innarka ce da allin Malam Haruna.

Ka riƙe wannan. Labarin nesa yana da daɗi kuma yana buɗe ido, ban hana ka shi ba. Amma labarin da zai taɓa tukunyarka yawanci yana kusa, a bakin maƙwabci. Kowanne ka sa a ɗakinka, ka tabbata kana samun tashar jiharka da labarin garin da kake ciki. Kuma in ka ga ka fara rufe ƙofa kana ƙara murya don kada ka ji abin da ke damunka, ka kashe akwatin ka fita cikin mutane.

Kada ka ɗauka dishi ne mai laifi. Za ni ba shi haƙƙinsa, don shekarar da ta biyo ya yi abin da waya ba ta iya ba.

Ita ma shekarar fari ce, ta ma fi ta farko tsanani ga masu dabbobi. Farkon damina wata iska ta taso da rana tsaka, ba ɗigon ruwa a cikinta. Ta kwashe rufin kwano, ta karya turakun waya a unguwa, ta naɗe babban dishin Malam Haruna kamar tabarma, ta fasa sauran biyun. Talabijin ɗin unguwa duk suka mutu. Nawa da ke bayan rumbu bisa turken siminti ko motsi bai yi ba.

Cikin kwanakin nan Buba ya zo. Ka san shi, Bafillacen Kurawa da shanunsa ke kwana gonarmu bayan girbi tun zamanin iyayenmu. Ya iso da hantsi, ya rame har na so in kasa gane shi. Ya ce ciyawa ta ƙare, shanu sun fara kwanciya ba su tashi. Wasu na cewa a yi kudu, wasu na cewa ruwa ya sauka arewa, bayan Maraɗi. Ya ce, "Umaru, ƙarfin tafiya ɗaya ya rage musu. In na kora su inda babu, ba za su dawo ba. An ce akwatinka na ganin Nijar."

Yana gani kuwa. Akwai tashar Nijar da ke ba da labarin damina da Hausa bayan La'asar, ni ban cika tsayawa kanta ba. Buba ya kwana uku a zaurenmu. Ranar farko suka nuna taswira suka ce an yi ruwa arewa, ya ce bai gamsu ba, taswira ba ta ƙoshi da saniya. Rana ta biyu ba su ce komai ba. Rana ta uku suka nuna wani jami'i yana jawabi a wani ƙauye can arewa. Buba ya tashi ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ba mutumin yake kallo ba, ƙasar da ke bayansa yake kallo. Ya nuna da yatsa ya ce, "Wagga ciyawa ta kwana goma da tsira. Dubi shanun can, cikinsu a cike yake. Ruwa biyu aka yi a nan, ba ɗaya ba." Ya ɗauki sandarsa ko furar da aka dama mishi bai tsaya sha ba.

Da kaka ya dawo da mafi yawan garkensa. Na yi shekara ina kallon akwatin nan ban ga abin da Buba ya gani cikin ɗan lokacin da ake jawabi ba. Tun ranar na san cewa abin da mutum zai samu a talabijin ya danganta da abin da ya je nema.

Tun ranar da Buba ya kama hanyar arewa, innarka ta ce mini, "Malam, abin da Buba ya gani, ba shi kaɗai ke bukatarsa ba. Ga Malam Haruna can da waya ba dishi, ga ka nan da dishi ba waya." Wannan karon ban bari ta faɗa sau biyu ba. Washegari na kwance dishin, na ɗora shi bisa amalanke da dikodarsa, farin sa ya ja mu har ƙofar Haruna, da rana, ta tsakiyar kasuwa. Na iske shi zaune cikin tarkacen ƙarfe yana ƙoƙarin miƙe abin da ba zai miƙu ba.

Na ce, "Ga wanga. Yana kama Nijar. Ka sa wa mutane."

Ya dube ni ya ce, "Kai fa, me za ka kalla?"

Na ce, "Ka ce taku goma ya rage."

Ya yi dariya har ya share ido. Mazan unguwa suka fito aka tayar da turaku, cikin mako guda waya ta dawo da tasha uku da allo. A daminar nan duk wanda ke da saniya ko gona a unguwarmu ya san inda ruwa ya sauka daga nan har arewacin Maraɗi. Mutanen Sabon Birni da suka zo cin kasuwa sukan tsaya gidan Alhaji Sani su kalla kafin su koma. Haka waya ta shigo gidanmu, wadda ka taso kana gani.

To ga amsarka. Kai baƙo ne a Sakkwato, gidan kuma ba naka ba ne. In ni ne, za ni fara da wayar da ke unguwar. Ba sai ka huda bangon mutane ba, in ta lalace akwai wanda za ka kira, kuma abin da maƙwabtanka ke gani kai ma shi kake gani, za ku sami abin gaisawa a kai. Amma mai wayar Sakkwato ba Haruna ba ne, ban san shi ba. Ka je da ƙafarka ka gan shi. Ka tambayi gida biyu ko uku da suka daɗe da ita: in ta yanke kwana nawa take yi, kuma waɗanne tashoshi yake sakowa. Da waya, wani ne ke tsaron ƙofar abin da zai shigo maka gida, don haka sai ka san halinsa. Da dishi kai ne mai tsaron, kuma aikin ya fi yadda ake zato, don akwai tashoshin da ba za ka so su buɗe gaban iyalinka ba, balle in Allah ya kawo 'ya'ya.

In kuwa wata rana aka mayar da kai ƙauye inda waya ba ta kai ba, irin su Kurawa, to dishi ne abokinka. Ka kwance shi ka tafi da shi duk inda aka tura ka. Sai dai ka sani in hadari ya yi nauyi hoto zai ɗauke har ya wuce, kada ka hau kana taɓa shi. Ka kafa shi ƙasa, inda katanga ta kare. Kuma ko wanne ne, in wata ya zo da matsi, shi za a fara kashewa, ba tukunya ba. Ba wanda ya taɓa mutuwa don bai kalli ƙwallo ba.

In ku biyu kuka zauna kuka ga saɓanin abin da na faɗa, ku bi naku. Kun ga gidan, ni ban gan shi ba, kuma na yarda da hankalinka. Tun kana ƙarami ba ka taɓa ba ni kunya ba, abin da ban cika faɗa maka ba ke nan, don mu ba a saba mana da faɗin irin haka ba.

Gobe ku tashi da wuri, ku bi motar farko, kada ku yarda yamma ta yi muku a hanya, ka san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ku yi addu'ar tafiya kafin mota ta motsa. In kun sauka ka kira innarka kafin ka kira ni, don ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarka. Ka riƙe salla kan lokaci, ka kyautata wa maƙwabci tun kafin ka bukace shi, ka riƙe 'yar mutane da mutunci.

Za ka ga ban raka ku tasha ba. Za ni ce ina da aiki a gona, kai kuma ka yi kamar ka yarda. Ba aiki ba ne. Na gwada a raina in tsaya in ga motar nan ta juya da kai, na ga idona ba zai riƙe ba, kuma tasha cike take da mutane.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin mutum. Allah ya sa albarka a aikinka da gidanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Allah ya ba mu damina mai albarka, mu da ku da dabbobinmu. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru